Baba ba ya son ƙarnin kifi, ƙwayar Omega 3-6-9 za ta isar masa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina shekarunsa 64, an gwada jininsa aka ce kitsen da ke ciki ya hau. Likita ya ce ya riƙa cin kifi mai maiƙo. To Baba da ya ji ƙarni sai ya ture kwanon, ko kallo ba ya ƙarawa. Shi ne na sayo ƙwayar mai da aka rubuta Omega 3-6-9 a jikinta, amma ban buɗe ba tukuna, don yana shan maganin tsinka jini, warfarin. Abin ya tsaya mini a rai. Masu sani ku taimaka.

Mai Haɗa Magani:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kin yi daidai da ba ki buɗe ba. Warfarin yana tsinka jini, man kifi mai yawa ma yana rage daskarewarsa, don haka sai likitansa ya amince.

Ni dai 3-6-9 ɗin nan ba na ba da shawararta. Omega-9 jiki na haɗa abinsa, akwai shi kuma a man zaitun. Omega-6 ya cika man waken soya da na masara. Wanda ke ƙaranci shi ne omega-3, musamman nau'o'insa biyu da ke cikin kifi, EPA da DHA, su ne ke sauke irin kitsen da ake kira tiraigiliserayid. Ki juya kwalbar ki duba bayanta: sau da yawa ƙwayar miligiram 1000 ba ta wuce 300 na waɗannan biyun ba.

Yaya Babba:
Ƙanwata, kada ki fid da rai da kifin. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka sau biyu kawai ta ce a ci a mako, kamar sadin, makarel ko salmon. Ki wanke shi da lemun tsami, ki gasa, kada ki soya. Maigidana ma haka yake, yanzu har ƙari yake nema.

Ummu Ɗalibai:
'Ya'yan tsiron filas (flaxseed) da na ciya (chia) da goron walnot ma suna da omega-3, amma nau'in ALA ne, kaɗan ƙwarai jiki ke mayarwa EPA da DHA. Filas ɗin sai an niƙa, in ba haka ba yadda ya shiga haka zai fita. Akwai kuma man gansakukar teku, daga can kifin ma yake samun nasa, kuma bai kai man kifi ƙarni ba.

Maman Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin za mu koma asibiti, zan tafi da kwalbar a jaka in nuna wa likita, in kuma tambaye shi batun man gansakukar. Yaya, yau da dare zan gwada gashin.