Ƙaurace wa wasan ƙarshen kaka a jami'o'in Amurka

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayinku game da 'yan wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i da ke ƙin buga wasan ƙarshen kaka don gudun rauni kafin NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ta zaɓi sabbin 'yan wasa. Shin wannan ba cin amanar abokan wasansu ba ne?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga laifinsu ba. A ranar 1 ga Janairu 2016, Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan ƙarshen kaka na Fiesta Bowl, kuma duk da ana sa ran a ɗauke shi cikin na farko-farko, sai a zagaye na biyu na zaɓen NFL ƙungiyar Dallas Cowboys ta ɗauke shi, abin da ya jawo masa asarar miliyoyin daloli. A ƙarshen shekarar Christian McCaffrey na jami'ar Stanford ya ƙaurace wa wasan Sun Bowl, aka ɗauke shi na 8 a 2017.

Alhaji Garba: Hujjarki tana da ƙarfi, Hajiya, amma raina yana ɓaci idan na tuna da yaran da ba za su taɓa shiga NFL ba, waɗanda wannan ne wasansu na ƙarshe tare da ɗan wasan da ya ƙaurace.