Yadda za a farfaɗo da gonar da ta zama fako

Manomi daga Mirriya: Assalamu alaikum. Gonar gero da na gada ta gaji, ƙasarta ta taurare har ruwan sama yana gudu a kanta ba ya shiga. Yaya zan farfaɗo da ita ba tare da takin zamani ba?

Amsa daga Matamaye: Malam, ka haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, tun da rani, ka zuba takin dabbobi a kowane rami, domin gara za ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga.

Amsa daga Magariya: Kada ka sare tohon gawo lokacin sassabe. Gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne.

Manomi daga Mirriya: Na gode, zan fara haƙa bayan girbi.