Neman shawara: tsohuwar laftof ta fi sabuwa lambar gudu, wacce zan saya?

Ɗan Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta, ina so in saya masa laftof a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Wani mai shago ya nuna min tokumbo (wadda aka yi amfani da ita a waje) an rubuta gudunta 2.6 GHz a jikinta, sabuwar da ke gefe kuma kuɗinta ya ninka, amma lambarta ba ta ma kai haka ba. To ina ci gaban? In ɗauki tsohuwar in huta?

Baban Hafsa, mai gyara a Ikeja: Wa alaikumus salam. Kada lambar nan ta ruɗe ka, ɗan uwa. Tun 2004 Pentium 4, furosesan (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) kamfanin Intel, ya kai 3.8 GHz, Intel ta shirya fitar da mai 4 GHz, sai ta fasa. Zafi ne ya taka musu birki. A da, duk sanda aka ƙanƙantar da transista (ɗan makunnin wuta da ake jerawa a cikin furosesa), wutar da yake ci ma raguwa take yi. Wajen 2005 abin ya ƙi, wuta ta fara zurarewa, furosesa na ɗaukar zafin da fanka ba ta iya saukewa. Shi ya sa suka koma zuba ƙwaƙwalwa biyu, huɗu, takwas a guntu ɗaya, suna raba aiki. Ni da nake buɗe tokumbo kullum, sai ka tarar ƙura ta toshe fanka, man da ke kan furosesa ya bushe kamar tsohon ƙanzo. A zafin Legas irin wannan da kanta take rage gudu, lambar da ke kan takarda ta zama labari.

Maman Amir: Malam, zamanin furosesan za ka tambaya. Windows 11 tana neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama, Windows 10 kuwa Microsoft ta sa Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kula da ita. Ka nemi mai SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri), RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 16 GB in aljihu ya yarda. Batir ma ka gwada shi a gabansa, ka san halin wutarmu.

Injiniya na Yaba: Ƙanƙantarwar ba ta tsaya cak ba fa, tsada ta yi. Intel 4004 na 1971 transista 2,300 gare shi, M1 na Apple a 2020 yana da biliyan 16. Sai dai yanzu kamfanonin da ke iya ƙera na sahun gaba 'yan tsiraru ne, TSMC da Samsung da Intel, injin zana irin waɗannan guntayen ma kamfanin ASML na ƙasar Holan kaɗai ke yin sa. Inda aka dosa shi ne guntu na musamman ga kowane aiki, kamar GPU (guntun sarrafa hoto) na Nvidia. Ka ce wa yaron ya dage da koyon rubuta manhajar da ke raba aiki.

Kawu Idi-Araba: Yaron da zai fara aji ɗaya, me zai yi da duk wannan? Tokumbo mai lafiya ta ishe shi, canjin a biya masa kuɗin ɗaki.

Ɗan Agege: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baban Hafsa, a ina zan duba in gane ƙarni na nawa ce?

Baban Hafsa: Ka duba sunan furosesan, lambar da ke bin i5. In ka ga 8250U, 8 ɗin farko shi ne ƙarnin. In da 3 ko 4 ta fara, ka ajiye masa kayansa.