Muhawara: Ko doka ta yarda mutum ya sayar wa mazaunin wata jiha bindigarsa a Amurka?

Malam Kabiru: Assalamu alaikum. Wani abokin aikina a nan Dallas, a jihar Texas, zai sayar wa surukinsa da ke zaune a jihar Oklahoma ƙaramar bindigarsa hannu da hannu, ya karɓi kuɗinsa ba tare da wata takarda ba. Ni dai ban ga laifin hakan ba, tunda kowa ya san a Texas mutum yana iya sayar wa maƙwabcinsa bindiga ba tare da an binciki tarihin mai saye ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka ta maƙwabci gaskiya ce, domin dokar tarayya ba ta wajabta binciken ba idan mai sayarwa ba dillali ba ne kuma su biyun a jiha ɗaya suke, ko da yake jihohi irin su Kalifoniya sun tilasta a bi ta hannun dillali. Amma da zarar mai saye ya zama mazaunin wata jiha, hukuncin ya sauya. Dokar taƙaita bindigogi da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1968 ta haramta wa wanda ba shi da lasisi ya miƙa bindiga ga mutumin da ya sani, ko yake da dalilin zaton, ba a jiharsa yake zaune ba, kuma hukuncin wanda ya karya ta da gangan yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyar.

Alhaji Sani: Hajiya, ban musa cewa dokar tana nan ba, amma ni ban ga hikimarta ba. Gyara na biyu ga kundin tsarin mulki ya bai wa ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Heller a 2008. To, ta yaya 'yancin da mutum yake da shi a gidansa zai gushe don kawai ya tsallaka Jan Kogin da ya raba Texas da Oklahoma?

Hajiya Rabi: Ai ba a hana cinikin ba, Alhaji, hanya aka gindaya masa. Mai sayarwa zai kai ko ya aika bindigar wurin dillali mai lasisin tarayya a jihar mai saye, shi kuwa mai saye ya je shagon da katin shaidarsa, ya cika fom mai lamba 4473, a tantance sunansa a rumbun bayanan hukumar binciken manyan laifuka ta FBI, ya biya ɗan ladan dillali, sannan a miƙa masa. Dalilin ma a bayyane yake, domin in ba haka ba, duk jihar da ta tsaurara dokokinta aikin banza ta yi, mutanenta za su tsallaka maƙwabta su sayo. Kada kuma a manta cewa bindigar da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a nan Dallas ɗin a 1963, ta gidan waya aka yi odarta daga wani shago a Chicago. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da Texas ma ta goyi bayan hana dillalai sayar wa baƙi daga wata jiha ƙananan bindigogi kai tsaye a 2018.

Malam Kabiru: To, idan ya ce kyauta ya ba shi fa, tunda surukinsa ne?

Hajiya Rabi: Kyauta ma ba ta tsira ba, ko da uba ne zai bai wa ɗansa. Abin da aka keɓe shi ne gado da wasiyya, sai kuma aron ɗan lokaci don farauta ko wasan harbi.

Alhaji Sani: Nan ne fa nake ja da dokar har yanzu. Ta yarda ɗa ya gāji bindigar mahaifinsa bayan ya rasu, amma ta hana uban ya miƙa masa ita da hannunsa yana raye, sai an sa dillali a tsakani. Malam Kabiru, ka dai gaya wa abokinka ya nemi mai lasisi a Oklahoma kafin ya karɓi ko sisi.