Wane fim ɗin ban tsoro ne ya fi kama ku, kuma da me ya kama ku?

Ɗalibi, Samaru: Assalamu alaikum. Muna shirin ɗaukar gajeren fim na ban tsoro, minti goma sha biyu, a wani tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Zariya. Kyamara ɗaya ce, fitilu biyu, kuɗi kuma kaɗan. Yayyena da iyayen gidana da suka san harkar, ina roƙon kowa ya faɗi fim ɗin da ya fi tayar masa da tsikar jiki, ya kuma buɗe mana cikinsa: me aka yi, da wane kayan aiki, kuma a ina masu kwaikwayo suke zamewa.

Mai sauti, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, ƙanena. Nawa Psycho ne na Hitchcock, 1960, kuma kunne ya kama ni da shi kafin ido. A fitowar da aka kashe matar a banɗaki, kusan ba ka ganin wuƙa ta shiga jiki. Ƙarar da kake ji ta wuƙa ce ana caka wa wani irin kankana, kiɗan kuwa na kayan goge ne zalla, Bernard Herrmann ya tsara shi. Kashe murya ka sake kallon wurin, za ka ga rabin tsoron ya tafi.

Ga abin da za ku yi. Kafin ku tashi daga kowane ɗaki, kowa ya yi shiru ku naɗi minti ɗaya na iskar ɗakin. Wannan shi za ku shimfiɗa a ƙarƙashin fitowar duka, domin in aka bar gurbi fayau babu sauti ko kaɗan, mai kallo zai ɗauka wayarsa ce ta lalace, ba zai ji tsoro ba. Sautukan dare kuma ku naɗe su daban, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, bayan janareto sun mutu kuma kafin kiran assalatu. Da rana a Zariya babura da Keke ba za su bar ku ba, ga kuma ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi. Karyewar ƙashi, rake ake karyawa kusa da makirufo. Sara, kabeji da wuƙa. Takun ƙafa a zaure, a sake takawa a naɗa daga baya, kada a dogara da na wajen ɗauka.

Sai gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Gurnanin nan mai kauri da ke girgiza ƙirji a sinima yana can ƙasa ne, kusa da iyakar jin ɗan Adam, wato wajen hertz 20, kaɗawa ashirin ke nan a daƙiƙa. Lasifikar waya kusan ba ta fitar da abin da ke ƙasa da hertz 100, kuma mafi yawan masu kallonku a waya za su gani. Don haka ku ɗora wani siririn sauti a samansa, kamar kukan ƙofar langa-langa ko gyare, ku kuma saurari aikin a waya mai araha kafin ku ce an gama.

Mai haɗa hoto, Sabon Gari: Malam ya gama magana a kan sauti. Ni Ringu na Japan zan ambata, 1998, na Hideo Nakata, wanda duk wanda ya kalli wani kaset sai ya mutu bayan kwana bakwai. Tafiyar yarinyar da ke fitowa daga rijiya ita ce ke hana mutane barci, kuma dabarar ba ta cin ko sisi: an sa mai wasan ta yi tafiya da baya tana karkarwa, sannan aka juya hoton, ya tafi daga ƙarshe zuwa farko. Ido yana ganin mutum na zuwa gaba, amma gashi da tufafi da nauyin jiki duk suna motsi ta inda bai kamata ba. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ke damunsa ba, shi ya sa abin ke cin sa.

In za ku gwada, ku kula da bayan fage. Hayaƙi, labule, kaza ko ruwan da ke zuba za su tona ku, domin su ma da baya za su tafi. In ana son tafiyar ta ƙara zama baƙuwa, a cire hoto biyu ko uku nan da can cikin ashirin da biyar ɗin da ke cikin kowace daƙiƙa. In aka wuce haka sai ta koma kamar intanet ne ke yankewa.

Batun razanarwa kuma, inda aka fi ɓata aiki ke nan. Tun a Cat People na 1942 aka kafa dabarar: mace na tafiya ita kaɗai da dare, ana jin taku a bayanta, sai kwatsam ƙara ta tashi, ashe motar haya ce ta tsaya. Ana ja wa mai kallo rai, a sake shi da abin da ba komai ba, in ya sauke ajiyar zuciya sannan a kawo na gaskiyar. A fim ɗin minti goma sha biyu, razanarwa biyu ta isa. Ta uku mutane sun riga sun koyi lissafinku.

Mai haske, Kongo: Ɗalibi, fitilu biyun nan sun ishe ku, har ɗaya ma. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce tunda dare ne a ɗauka cikin duhu. Ƙaramar kyamara in ta rasa haske sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, baƙin ya koma toka-toka, ba a ganin fuska, ba a kuma ganin duhun. Ku haska fuskar sosai daga gefe ɗaya, ku hana hasken zuba a bango ta hanyar kare shi da baƙin kwali, ku matso da mai wasa kamar taku uku daga bangon, sannan a rage haske wajen haɗawa. Bangon ƙasa yana taimako, domin yana shanye haske, ba kamar farin fenti ba.

Wutarmu hertz 50 ce. Ku sa kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske, a 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙwan fitila zai riƙa ƙyaftawa a hoton. Wutar janareto ba ta cika tsayawa daidai ba, don haka fitila mai batir ta fi aminci. In fitilar ƙwai ko aci-balbal ce a labarin, a bar ta a gani a hoto, amma ainihin hasken ya fito daga wata fitilar da aka ɓoye a gefenta.

Fim ɗina Halloween ne na John Carpenter, 1978. Fuskar makashin ta roba ce mai arha, ta wani jarumin shirin Star Trek, aka fesa mata farin fenti aka faɗaɗa idanun. Abin koyi shi ne inda ake ajiye shi: can a gefen hoto, bayan shinge, ko cikin duhun ƙofa, jaruma ba ta gan shi ba amma kai ka gan shi. Ku bar wa hotonku fili a bayan mai wasa. Zaure mai ƙofa biyu ya fi kowane wuri dacewa da wannan.

Mai kwalliya, Gyallesu: Yayana mai haske, ka bar mini nawa. Ɗana, ga jini: sukari kofi biyu, ruwa kofi ɗaya, a dafa har ya yi kauri ya kama bayan cokali, a bar shi ya huce. A zuba kalar abinci ja babban cokali ɗaya, garin koko babban cokali ɗaya, shuɗiya ɗigo ɗaya ko biyu. Ja zalla yana fitowa kamar lemon kwalba. Zoɓo kuma ya cika ruwa, ga shi yana komawa shunayya a kyamara. A shafa man shafawa a fata kafin a zuba don kada kalar ta kama, a tanadi riga iri ɗaya guda biyu saboda sake ɗauka. Ƙuda da tururuwa za su zo, don haka wannan fitowar a bar ta ƙarshe. Da hunturu yana saurin bushewa, ɗan gilisarin yana riƙe shi.

Farar hoda a fuska da jan baki har kunne ba sa tsorata kowa yanzu. A ɗan dusashe launin fatar, a busar da leɓe, a sa kwalli kaɗan a ƙasan ido a murje. Kuma don Allah kada a sa wa yaran mutane gilashin cikin ido na kasuwa, yana iya yi wa ido rauni na gaske.

The Exorcist na 1973 shi ne nawa. Tururin da ke fita daga bakin 'yan wasan na gaske ne, domin an sanyaya ɗakin da injina har ya wuce sanyin ƙanƙara. Muryar da ke fita daga bakin yarinyar kuma ta wata dattijuwa ce, Mercedes McCambridge, wadda ta yi suna a wasan rediyo. Ƙaramar fuska da tsohuwar murya: wannan haɗin ya fi duk ciwukan da aka zana mata aiki.

Marubuci, Ƙofar Doka: Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina ganin an tsallake tushe. Bahaushe ba ya tsoron mai tsotsar jini a tsohuwar fadar Turai, domin babu shi a lungunsu. Abin da ya sa Dabbe da Siccin na Turkiyya suka fi kama mutanenmu shi ne aljanu ne da sihiri, a gidan da ake salla, cikin dangin da ke da kishi da gaba. Haka Living in Bondage na 1992: mutum ya ba da matarsa don kuɗi, ita kuma ta ƙi barinsa ya huta. Kowa ya taɓa jin irin wannan zance.

Wanda na fi so shi ne Under the Shadow na Babak Anvari, 2016. Uwa da 'yarta a wani bene a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, maƙwabta na gudu ɗaya bayan ɗaya, 'yartsanar yarinyar ta ɓace, aljanin kuwa in ya bayyana mayafi ne kawai ke shawagi. Har ƙarshe kana kokwanto, aljani ne ko tashin hankalin yaƙi ne ya taɓa uwar.

Mu nan kayan aiki a zube suke. Ƙarar daka da tsakar dare a gidan da babu kowa. Sallama sau ɗaya a zaure, a leƙa ba a ga mutum ba. Guga na motsi a rijiyar da aka daɗe da rufewa. Tsamiya ko kuka a bayan ganuwa da magariba. Ku zaɓi ɗaya tak, ku kafa masa doka tun a minti biyun farko, misali duk wanda ya amsa sallamar to ya shiga uku, sannan kada ku karya dokar. Fim yana mutuwa ne a lokacin da aljani ya tsaya tsakiyar ɗaki yana bayanin dalilin zuwansa.

Mai sauti, Tudun Wada: Na yarda da Malam, sai dai ina da ƙari a kan na Turkiyya. Da yawansu suna cika kunne da ihu tun daga farko har ƙarshe, bayan rabin sa'a kunne ya saba, tsoro ya koma gajiya. Sannan sukan sa karatun Alƙur'ani a tsakiyar kiɗa da kururuwa. Ku kada ku yi haka. Ayoyi ba kayan ado ba ne, kuma masu kallonmu ba za su yafe ba. In akwai malami a labarin, a nuna shigarsa ɗakin, a rufe ƙofa, kyamara ta tsaya a waje tare da mutanen gida.

Ɗalibi, Samaru: Allah Ya saka da alheri, iyayen gidana. Mun tsaya a kan daka. Tambaya ɗaya ta rage: a nuna mai dakan a ƙarshe, ko a bar ta?

Mai haɗa hoto, Sabon Gari: A nuna turmin, da tabarya a jingine tana ɗan lilo, da gero a warwatse a ƙasa. In dole sai an ga mutum, to daga baya, daga nesa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma kada kiɗa ya tashi a wurin. Ku ɗauki fitowar iri biyu, ɗaya da ita ɗaya babu ita, ku nuna wa mutum biyar da ba su san labarin ba, kowa shi kaɗai da abin saurare a kunne. Ku zauna a gefe ku kalli kafaɗunsu da hannayensu, kada ku tambaye su ra'ayi, domin za su ce duka biyun sun yi kyau.