In kashe filta ko in bar ta tana aiki lokacin canza wa kifi ruwa?

Mai tambaya, daga Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 60, da ƙananan kifayen ado guda takwas. Filtata, wato na'urar da ke tace ruwan, irin wadda ake nutsarwa cikin ruwa ce. Duk Asabar nakan kwashe fiye da rabin ruwan, ita kuwa ina barin ta a kunne, har ta fito fili tana gurnani. Makon jiya bayan na gama, ruwan ya yi fari kamar an dama koko, washegari kifi biyu suka mutu. Wanda ya sayar min ya ce kada in taɓa kashe ta, ƙanena ya ce in kashe. Wanne zan bi?

Daga Arkilla: Wa alaikumus salam Hajiya. Wanga gurnani da kike ji, injin ne ke juyawa babu ruwa. Ruwa ke sanyaya shi, in kika ci gaba haka zai ƙone. Zare filogi kafin ki fara, balle ga hannunki cikin ruwa ga wuta a jone.

Daga Runjin Sambo: Ni ban kashe tawa, amma tawa ta soso ce mai aiki da injin iska, tana can ƙasa, ruwa bai sauka har ya kai gare ta. Taki daban ce. Sai dai Hajiya, ina da tambaya: kina wanke sosan da ke cikinta? Da wane ruwa?

Mai tambaya: Eh Malam, a bakin famfo nake wanke shi tas, har sai ya koma kamar sabo.

Daga Runjin Sambo: To ga inda gizo ke saƙar. Wannan dattin ruwan ƙasa-ƙasa da kike gani a soso, gidan bakteriya ne masu amfani. Su ke karɓar amoniyar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, su mayar da ita abin da bai da illa sosai. Ruwan famfo in da kulorin a ciki yana kashe su, wanki mai tsanani kuma yana kwashe su. Sai amoniya ta taru, kifi ya sha wuya. Ki ɗebi tsohon ruwan akwatin a bokiti, ki matsa sosan sau biyu ko uku a ciki, shi ke nan. Ba kowane mako ba ma, sai kin ga ƙarfin ruwan ya ragu.

Mai shagon nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Bakteriyar na buƙatar ruwa mai gudana da iska, amma kashewar minti 20 ko 30 ba ta yi musu komai. Awoyi masu yawa ne abin tsoro, irin ranar da anka ɗauke wuta tun safe.

Daga Gawon Nama: Yaya, rabin ruwa ya yi yawa. Kashi ɗaya cikin huɗu ya isa, wato lita 15 a naki. Kuma ki kula da zafin garin nan na Sakkwato: a watan Afrilu ruwan tankin saman rufi da azahar sai ya yi kamar na shayi. Ni nakan tara nawa a bokiti cikin ɗaki ya kwana, in sa maganin da ke cire kulorin in na famfo ne, sannan in zuba a hankali da sassafe.

Daga Arkilla: Kuma in kin cika ruwan, kada ki manta mayar da filogin. Ni na taɓa mantawa, sai bayan isha'i na lura.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Asabar mai zuwa zan gwada lita 15 ɗin, sosan kuma na bar shi ya huta.