Tsofaffin laftof sun ƙi karɓar Linux: wa ya taɓa daidaita musu kanel?

Malamin Aji Shida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani bawan Allah ya ba makarantarmu kyautar laftof guda shida, duk IBM ThinkPad T41, irin waɗanda suka fito a 2003. Windows XP ce a kansu, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Afrilun 2014, ga ƙwayoyin cuta sun cika su. Burina kawai yara su koyi buga rubutu su saba da linzami kafin su shiga sakandare. Na sauke Lubuntu 18.04 ta bit 32, wato wani nau'in Linux marar nauyi daga dangin Ubuntu, na sa a filash, na kunna laftof ta farko. Maimakon ta tashi, sai allo ya yi baƙi, ya rubuto da Turanci cewa wannan kanel yana buƙatar wani abu mai suna pae, kuma firosesar ba ta da shi. Na gwada sauran biyar, duk bakinsu ɗaya.

Wani ya ce min ba makawa sai na harhaɗa kanel da hannuna, wato na gina shi da kaina daga rubutunsa na asali. Ni ko sau ɗaya ban taɓa yi ba, kuma wuta a unguwarmu ba ta wuce awa uku zuwa huɗu. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa min yadda ya fita, har da inda ya yi tuntuɓe.

Mai Gyara a Beirut Road

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, kada ka harhaɗa komai tukuna. Irin wannan ta sha zuwa teburina a nan Kano.

Kanel shi ne ƙwayar Linux ɗin, shi ke magana da firosesa da faifai da allo, duk sauran manhajoji ta hannunsa suke bi. PAE kuma dabara ce da Intel ta shigo da ita tun Pentium Pro a 1995, don firosesa mai bit 32 ta iya kai hannu ga RAM da ya haura gigabait 4. Tun daga 12.10 dangin Ubuntu suka daina fitar da kanel maras PAE, shi ya sa yake tambayarta tun a bakin ƙofa. Abin da ya kamata ka sani shi ne, firosesar Pentium M ta farko, wadda ke cikin T41, tana iya PAE sarai, ba ta dai faɗa ne idan an tambaye ta.

Idan jerin zaɓin filash ɗin ya fito, danna F6, sannan Esc. Za ka ga dogon layi a ƙasa, da 'yan gajerun zane a ƙarshensa. Rubuta `forcepae` kafin zanen, ka sake rubuta shi bayansu. Na farko na tashin yanzu ne, na biyu shi zai bi ta har cikin faifai bayan ka gama ɗorawa. Ranar da na fara yi sau ɗaya na rubuta, ta ɗoru lafiya lau, ina cire filash ta koma gidan jiya, ga mai kaya yana zaune a benci yana jira. Sai da na sake aikin tun daga farko.

Ɗan Maraɗi

Gaskiya ne abin da Mai Gyara ya faɗa. Ƙarina ɗaya ne, saboda 'yan'uwanmu na nan Nijar. Yawancin kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su da ke zuwa mana daga Faransa da Beljiyam suke, kibod ɗinsu AZERTY ne. A wurin da ake rubuta wannan layi kuwa, na'ura tana ɗaukar kibod a tsarin Amurka. Kana danna A, Q ke fitowa. Na rubuta kalmar nan har sau uku ina cewa ba ta aiki, ashe `forcepqe` nake ta rubutawa ban duba allo ba. Ka danna maɓallin da aka rubuta wa Q, shi zai ba ka a.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta

Malam, ina neman afuwar manyana, amma ni ba zan ba ka shawarar Lubuntu 18.04 ba, ko da ta tashi. Tun 2021 masu ita suka daina aiko mata da gyara. Ka raba yara da XP saboda an daina kula da ita, kada ka kai su ga wata irinta.

A kan laftof ɗin mahaifina, ita ma Pentium M ce, Debian 12 na ɗora, wadda ta fito a Yunin 2023. Debian na da kanel iri biyu na bit 32: `686` da `686-pae`. Na farkon ba ruwansa da PAE, kuma da shi manhajar ɗorawar take tashi, don haka ko harafi ɗaya ban ƙara ba. Sai dai ka tabbata 12 ka sauke. Debian 13 ta Agustan 2025 ba ta da kanel ko manhajar ɗorawa ta bit 32, na ga ƙawata ta ƙone datar wata guda tana neman abin da babu. Akwai kuma antiX, a kan Debian aka gina ta, ta fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Ga masu wasu na'urorin: a tagar rubuta umarni ta Linux ku buga `grep flags /proc/cpuinfo`. Idan kun ga `lm` a cikin jerin, firosesarku bit 64 ce, duk wannan wahala ba taku ba ce. Core 2 Duo na da shi, amma Core Duo maras 2 ɗin nan da Atom N270 ba su da shi.

Tsohon Injiniya

Allah ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi daidai. Malam, ka bi shawararta. Amma tunda ka ce a faɗa maka har da tuntuɓe, bari na ba ka nawa, don wata rana za ka iya buƙatar harhaɗawar.

Wata Pentium 4 ce ta tebur, a ofishin wata ƙungiya da nake taimaka wa. Na ɗauko fayil ɗin zaɓuɓɓukan Debian da ke cikin `/boot`, na buɗe `make menuconfig`, shuɗin allon nan mai jerin layuka. Kowane direba yana da ɗan akwati a gabansa. Idan tauraro ne a ciki, an gina shi a jikin kanel. Idan M ne, an ajiye shi a gefe, sai an buƙace shi a ɗauko. Idan babu komai, babu shi ke nan. Na yini ina kashe abin da na ga ba na buƙata. Daga nan na ce ai initrd ma nauyi ne, wato ɗan ƙunshin da ake lodawa a RAM tun farkon tashi, na rabu da shi.

Na fara harhaɗawa bayan la'asar a kan na'urar kanta. Gari ya waye ba ta gama ba, fanka na ta kuka. Da hantsi aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita `make` ya ci gaba daga inda ya tsaya, wannan kam alheri ne. Da ta gama na sake kunnawa, sai ga shi a rubuce: `VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)`. Komai ya sandare.

Dalilin bai da wuyar ganewa idan an nutsu. Direban da ke karanta faifan, `ata_piix`, na bar shi a M. Ke nan yana ajiye a cikin faifai, kuma ba a isa faifan sai da shi. Mabuɗin ɗaki ne aka kulle a cikin ɗakin. Aikin initrd ke nan da ma, ya riƙe irin waɗannan direbobi a waje, ni kuma na jefar da shi. Duk wanda zai rabu da initrd, dole direban faifai da na ext4, wato tsarin da aka jera fayiloli da shi a faifan, su zama tauraro.

Abin da ya cece ni shi ne ban goge tsohon kanel ba. Na riƙe Shift wajen tashi, jerin GRUB, manhajar da ke tayar da kanel, ya fito, na zaɓi na da, na shiga na gyara.

Tun daga ranar ban ƙara harhaɗawa a kan tsohuwar na'ura ba. A kanta nake buga `lsmod > jerin`, wanda ke rubuta sunayen direbobin da ke aiki a fayil, na kwashi wannan fayil da na zaɓuɓɓukan cikin `/boot` a filash, na kai kan sabuwar kwamfutata. Can sai `make ARCH=i386 LSMOD=jerin localmodconfig`, wanda ke kashe duk direban da ba ya cikin jerin. Tun kanel 2.6.32 na 2009 ake da wannan umarni. Sannan `make ARCH=i386 bindeb-pkg`, ya ba ni fayil na deb, na mayar na ɗora da `dpkg -i`. Aikin kwana ya koma na ƙasa da awa guda. Ka kashe `DEBUG_INFO`, shi ke cinye wuri da lokaci. Idan kuma zaɓuɓɓukan Debian ka ara ya tsaya yana neman wata takardar shaida, ka mayar da `SYSTEM_TRUSTED_KEYS` fanko.

Wani abu kuma ga masu tsohon tsari da suke sabuntawa: a kanel 5.14 na 2021 an cire tsofaffin direbobin faifai na IDE baki ɗaya. Faifan da aka sani da `hda` ya koma `sda`. Wanda ya bar tsohon suna a `/etc/fstab` zai sha mamaki, gara a rubuta UUID, wato lambar shaidar sashen faifan.

Mai Shagon Buga Takardu

Baba Injiniya, `localmodconfig` ɗin nan ni ya taɓa sa ni jin kunya a gaban kwastoma. Na bi matakan nan daidai, amma lokacin da na buga `lsmod` babu filash a jikin na'urar, firinta ma a kashe take. Sabon kanel ya tashi da sauri, na ji daɗi. Washegari wata baiwar Allah ta zo da filash za a buga mata takardar neman aiki, na soka, shiru. Babu `usb-storage`, babu `vfat`, babu `usblp` na firinta, duk an share su saboda ba a gan su a jerin ba. Ta tsaya da goyonta kusan minti ashirin kafin na tuna na koma tsohon kanel.

Yanzu kafin na ɗauki jerin sai na jona duk abin da shagon ya mallaka, filash iri biyu, firinta, sikana, waya ta kebul, na buɗe kowanne na ga ya yi aiki.

Na biyu, a cikin `menuconfig` na ga High Memory Support, na zaci na manyan injuna ne, na kashe. RAM ɗina gigabait 2 ne, amma `free -m` ya nuna min ɗari takwas da wani abu. Ashe kanel mai bit 32 ba ya ganin abin da ya wuce wajen megabait 896 sai da shi. Na mayar da shi kan 4GB, RAM ɗina ya dawo.

Mai Gyara a Beirut Road

Ranka ya daɗe Injiniya, ina da tambaya tsakani da Allah. Bayan duk wannan, na'urar ta ƙara gudu? Ni na taɓa zaɓar Pentium M a Processor family na harhaɗa, ban ji bambancin da hannu zai shaida ba.

Tsohon Injiniya

Ba ta ƙara gudun da mai aiki da ita zai lura ba, gaskiyarka. Tashi ya ragu da 'yan daƙiƙoƙi, an sami ɗan sarari a RAM da faifai. A na'ura mai megabait 256 wannan ɗan sararin yana da daraja, kuma idan akwai direban da kanel ɗin da ya zo da Linux ɗinka bai kunna ba, harhaɗawa ce kaɗai mafita. Ban da waɗannan biyun, burauza ce ke cinye na'ura, ba kanel ba. Masu Pentium III da Athlon XP ma sun fi shan wuya, domin tun Firefox 53 na 2017 ake buƙatar wasu umarnin firosesa masu suna SSE2, su kuwa ba su da shi, kuma babu zaɓin kanel da zai ba su.

Ɗan Maraɗi

Gargaɗi kan `acpi=off`. Mutane na yawan ba da shi idan na'ura ta maƙale wajen tashi. Na sa wa wata laftof, ta tashi, amma ta daina nuna cajin batir, ba ta mutuwa da kanta sai na danne maɓalli, ƙasanta kuma ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, ga watan Afrilu. A fara gwada `nomodeset` idan allo ne ya yi baƙi, ko `noapic`, ɗaya bayan ɗaya. `acpi=off` ya zama na ƙarshe.

Malamin Aji Shida

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga yadda aka kwana. Na gwada `forcepae` a kan guda ɗaya don na gani da idona, ta tashi kuwa, har yaran da ke leƙe ta taga suka yi tafi. Amma na bi shawarar ƙanwata Ɗaliba, na ɗora Debian 12 da LXDE, fuskar allo marar nauyi. Huɗu sun ɗoru ba gardama, `uname -r` yana nuna 686 a ƙarshe. Wayifai ɗinsu Intel 2100 ne, ya kama da kunshin `firmware-ipw2x00`.

Ta biyar ta ƙi sauke komai, `apt`, mai sauko da manhajoji, yana cewa fayil ɗin ma'ajiya lokacinsa bai yi ba. Na duba agogonta, ashe ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata ya mutu, ta koma shekarun baya. Na gyara kwanan watan a BIOS, ta wuce.

Ta shida ce ta rage. Tana kaiwa tsakiyar ɗorawa sai ta sandare, kuma ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Na sa mata memtest86+, manhajar gwada lafiyar RAM, jiya da daddare, kafin na idar da sallar isha jajayen layuka sun cika rabin allo. RAM biyu ne a cikinta, ɗaya a ƙarƙashin murfin baya, ɗaya a ƙarƙashin kibod. Na cire na bayan, yau zan sake gwadawa idan an kawo wuta. Mai Gyara, idan ya tabbata shi ne, ana samun RAM irin DDR PC2700 na laftof a wajenku har yanzu? Ina shigowa Kano ranar Asabar in sha Allah.